Darasi na Tara: Allurar Riga-kafin Sankarar Bakin Mahaifa

Wannan darasi kan wata allura ne da ake yi wa yarinya a damtse tana 'yar shekara 9 zuwa 14, domin ta tsare ta daga ciwon da ba ya bayyana sai ta zama uwa, ko ma kaka. Wannan doguwar tazara ce ke sa iyaye da yawa su kasa ganin amfaninta. Yarinya lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa, sai a ce a kawo ta a yi mata allura. Dole uwa ta tambaya, me ya same ta? Babu abin da ya same ta, kuma daidai lokacin da ake so ke nan.

Kafin a fara karatu, malami ya rubuta waɗannan kalmomi a allo, kowa ya kwafa a littafinsa: mahaifa, bakin mahaifa, sankara, riga-kafi, garkuwar jiki, damtse, HPV.

Bakin mahaifa da ƙwayar da ke kama shi

Mahaifa kamar tulu take da aka kife, bakinta na duban ƙasa. Wannan baki tsawonsa bai wuce santimita 3 ko 4 ba, kuma shi ne yake buɗewa har santimita 10 ranar haihuwa. Sankarar da ke kama shi ita ce ta huɗu a yawa cikin sankarorin mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da ita, kusan 350,000 kuma suka rasu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, inda riga-kafi da gwaji suka yi ƙaranci.

Kusan duk wannan sankara ƙwayar cuta guda ce ke haddasa ta, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa uku, HPV. Tana da iri sama da 200, kowane iri da lambarsa. Yawancinsu ba sa yin wata ɓarna. Kusan 14 ne ke iya kai mutum ga sankara, kuma a cikinsu biyu sun fi sauran mugunta: lamba 16 da lamba 18. Su kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Lamba 6 da lamba 11 ba sa kawo sankara, amma su ne ke fitar da ƙananan tsiron nama a al'aurar maza da mata.

Ana ɗaukar HPV ta hanyar saduwa, har ma da haɗuwar fata da fata a wurin al'aura. Kwaroron roba yana rage haɗarin, amma ba ya rufe dukkan fatar, don haka kariyarsa ba cikakkiya ba ce. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai, ta yadda kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da ita wata rana a rayuwarsa. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka, mijin kuma bai san yana ɗauke da ita ba, don ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ƙaiƙayi, galibi ba ta nuna komai. Muna jaddada wannan ne saboda mata da yawa suna ɓoye ciwon don gudun zargi, har lokacin magani ya wuce. Kamuwa da HPV ba shaidar lalata ba ce.

A mutum 9 cikin 10, garkuwar jiki tana share ƙwayar cikin shekara biyu ba tare da wani magani ba. Matsalar tana ga ragowar. Ƙwayar tana shiga ta 'yar ƙaramar ƙujewa da ido ba ya gani, ta sauka can ƙasan fatar bakin mahaifa, ta zauna cikin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. Kowane tubali yana da birkin da ke hana shi hayayyafa ba ƙa'ida. HPV lamba 16 da 18 suna lalata wannan birki. Sai wurin ya fara sauyawa sannu a hankali, tabo ya fito a saman fatar, shekaru su yi ta tafiya, daga baya tabon ya nutsa cikin nama ya zama sankara. A mace mai ƙarfin garkuwa tafiyar takan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A mai ɗauke da cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Shan taba ma yana ƙara haɗarin.

HPV tana kawo sankara a wasu wurare kuma: dubura, maƙogwaro, mazakuta, da farji. Shi ya sa ƙasashe da dama suke yi wa yara maza allurar su ma.

Abin da ke cikin kwalbar

Wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano lamba 16 a cikin naman sankara a 1983, ya gano lamba 18 a 1984, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. A 1991 Ian Frazer da Jian Zhou, a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, suka nuna yadda za a ƙera rigar ƙwayar ita kaɗai. Allurar farko ta samu izini a 2006. Ostareliya ta fara yi wa 'yan mata a 2007, Ruwanda ta zama ta farko a Afirka a 2011, Nijeriya kuma ta fara a watan Oktoba na 2023.

A kula da kalmar nan, riga. Babu ƙwayar cuta a cikin kwalbar, mai rai ko matacciya. Rigarta ce kawai aka kwaikwaya, kube ne babu wuƙa a ciki. Idan jiki ya ga rigar sai ya ɗauka maƙiyi ne ya shigo, ya ƙera sinadaran kariya masu yawa, ya kuma riƙe kamanninta. Duk ranar da ƙwayar gaske ta zo, za a tare ta tun ba ta shiga cikin tubalan fata ba. Tunda babu komai cikin rigar, allurar ba za ta iya sa wa yarinya cutar ba.

Allurar iri-iri ce. Cervarix da Cecolin suna tsare lamba 16 da 18. Gardasil ta ƙara da 6 da 11. Gardasil 9 ta ƙara wasu biyar, 31, 33, 45, 52 da 58, ta kai kariyar kusan kashi 90 cikin 100. Dukansu suna rufe manyan miyagun biyu. A ganinmu kuskure ne a hana yarinya wadda ke hannu ana jiran wata da ba a san ranar zuwanta ba.

Me ya sa sai shekara 9 zuwa 14?

Dalili biyu ne. Na farko, allurar ƙofa take rufewa. Idan ƙwayar ta riga ta shiga ta zauna, allurar ba ta fitar da ita, ba ta kuma warkar da tabon da ya fito. Don haka tilas a rigayi ƙwayar, wato a yi tun da sauran shekaru kafin yarinya ta san namiji. Na biyu, jikin 'yar shekara 9 zuwa 14 ya fi na babbar mace ƙera sinadaran kariya daga allura iri ɗaya. Tun ran gini ake zane.

Ƙididdiga ta nuna haka ƙarara. A Ingila, binciken da aka fitar a 2021 ya nuna cewa a rukunin 'yan matan da aka ba allurar suna shekara 12 zuwa 13, sankarar ta ragu da kashi 87 cikin 100. A rukunin 14 zuwa 16 ta ragu da kashi 62. A rukunin 16 zuwa 18 kuwa, kashi 34 kawai. Allura iri ɗaya, ƙasa ɗaya, shekarun da aka yi ta na cikin abin da ya kawo bambancin. A Suwidin an bi bayan mata kusan miliyan 1.7, aka ga raguwar kashi 88 ga waɗanda aka yi wa kafin shekara 17.

Sau nawa?

Da farko sau uku ake yi. Daga baya aka koma biyu. Bincike a Kenya da Indiya da Kosta Rika ya nuna cewa guda ɗaya ma tana ba yarinya mai lafiya kariya mai ƙarfi, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta a Disamban 2022. Daga shekara 9 zuwa 20, allura ɗaya ko biyu, gwargwadon tsarin da ƙasa ta zaɓa. Daga shekara 21, biyu, da tazarar wata shida. Mai ɗauke da ƙanjamau, ko wadda wani ciwo ko magani ya raunana garkuwarta, aƙalla biyu, in da hali uku, komai ƙarancin shekarunta. A nan ake yawan yin kuskure: uwa ta ji nauyin faɗa wa ma'aikaciya cewa 'yarta na shan maganin ƙanjamau, sai a yi mata ɗaya a sallame ta, alhali ita ce ta fi kowa buƙatar ƙari. A ja ma'aikaciyar gefe a faɗa mata, sirri ne tsakaninsu.

Inda ake yin biyu, kada a matso da ta biyun kusa. Jiki yana buƙatar watannin nan kafin a tuna masa. Idan aka yi ta biyu kafin wata biyar ya cika, akan ƙara ta uku. Idan kuwa an makara, ko da shekara ce ta wuce, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba.

Ranar allura

Yarinya ta karya kumallo, ta sha ruwa, ta sa riga mai sakakken hannu. A gaya mata gaskiya, cewa za ta ji tsini da ɗan nauyi a hannu. Ma'aikaciya za ta tambaya ko tana da zazzaɓi mai zafi, ko tana da ciki, ko jikinta ya taɓa ƙin wata allura har numfashi ya sarƙe. Mura ko tari mara tsanani ba sa hana allura. Jinin al'ada ma ba ya hanawa. Zazzaɓi mai zafi, a jira ta warke. Mai ciki a ɗage sai ta haihu, amma idan an yi mata ba a san da cikin ba, babu abin tashin hankali, sai dai a dakatar da ragowar. Mai shayarwa za a iya yi mata. Wadda yis, wato abin da ke kumbura burodi, ya taɓa jawo mata mummunan kumburi da sarƙewar numfashi ta faɗa, don da yis ake haɗa Gardasil.

Yanzu a dubi hannun ma'aikaciya. Za ta ciro 'yar kwalba daga akwatin sanyi, ta duba ranar ƙarewar aiki. A jikin takardar kwalba da yawa akwai da'ira mai duhu da ɗan murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai ɓata maganin ba. Idan launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, kwalbar ta tashi aiki. Sai ta girgiza kwalbar sosai har ruwan ya zama fari-fari mai gauraye, don idan ya zauna wani farin abu yakan kwanta a ƙasa, kuma a jikin wannan farin abu maganin yake manne. Wanda ya zuƙa bai girgiza ba, rabin aiki ya yi. Ta buɗe sabon sirinji a gabanku, ta zuƙi rabin mililita, wato 0.5. Yarinya na zaune, hannu a sake. Ana soka allurar a tsaye cak cikin tsokar damtse, kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin kafaɗa. Ba a yin ta a ɗuwawu, saboda kitsen wurin yana hana magani isa tsoka, ga kuma babbar jijiya da ke bi ta nan. An zare, a danna busasshiyar auduga, kada a murza. Sirinjin ya tafi kwalin zubar da allurai nan take.

Sanyi ma yana da iyaka. Ana ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Daskarewa ta fi ɗan zafi yi masa illa, kuma ba ta gyaruwa ko ya narke. Takan faru ne idan aka jingina kwalba da ƙanƙarar da aka ciro yanzu daga firiji, shi ya sa ake barin ƙanƙarar a waje har ta fara gumi, a ji ruwa na motsi a ciki, kafin a jera ta a akwati. Idan ana shakka, akwai gwaji: a daskarar da kwalba ɗaya da gangan, a narkar, a girgiza ta tare da wadda ake shakka, a ajiye su gefe da gefe cikin haske. Wadda ta taɓa daskarewa za ta yi gudaji-gudaji ta kwanta da sauri, saman ya washe. Mai kyau za ta daɗe a gauraye.

Bayan allura yarinya ta zauna minti 15 a wurin. Kada a raina wannan zama. Yara masu tasowa sukan suma saboda tsoro ko tsinin allura, kowace irin allura ce, kuma abin da ke ji musu ciwo shi ne faɗuwa daga tsaye. Idan ta ce tana jin jiri, ko fuskarta ta yi fari, gumi ya karyo, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, cikin minti ɗaya ko biyu za ta dawo. A makaranta, idan ɗaya ta suma a gaban layi, sauran sukan firgita su ma su fara zubewa, daga nan labari ya bazu cewa allura ta kayar da yara. Maganin wannan shi ne a yi wa kowace a keɓe, masu jira suna zaune a inuwa inda ba sa gani.

Ciwon hannu, ɗan kumburi, ciwon kai ko zazzaɓi mara zafi na kwana ɗaya ko biyu, duk ba abin damuwa ba ne. Tsumma mai sanyi a wurin, da farasitamol in an buƙata. Abin da ke buƙatar gaggawa shi ne kumburin fuska ko leɓe, kuraje masu ƙaiƙayi a duk jiki, da sarƙewar numfashi. Wannan bai kai mutum 2 cikin miliyan ɗaya ba, yakan zo cikin mintunan farko, kuma akwai allurar da ke kwance shi a hannun ma'aikata. Kafin a tashi, a tabbata an rubuta sunan maganin da kwanan wata a kati, a adana shi tare da takardun haihuwa.

Hira: mutum biyu su karanta da ƙarfi

"Malama, ni fa tsoro nake ji. An ce allurar nan tana hana haihuwa."

"Mama, gara da kika tambaya. Babu maganin hana ɗaukar ciki a cikinta ko kaɗan. An raba allurai fiye da miliyan 500 a duniya tun 2006, kuma 'yan matan farko da aka yi wa yanzu iyaye ne da 'ya'yansu."

"To me ya sa 'yan mata ake nema?"

"Don su ke da mahaifa, Mama, su ciwon ya fi kashewa. Kuma ciwon ne ke raba mace da haihuwa, don idan ya yi nisa sai an cire mahaifar ko an gasa wurin da haske."

"Ni da na haifi biyar fa, Malama?"

"Ke gwaji ya kamace ki. Zauna in yi miki bayani."

Rabon uwa: gwaji

Allurar ba ta rufe dukkan ire-iren HPV ba, kuma yawancin matan da ke karanta wannan darasi sun wuce shekarunta. Shekarun nan 15 zuwa 20 da ciwon ke ɗauka dama ce babba, domin a tsawonsu tabo ne kawai a saman fata, ana iya ganinsa, ana iya kashe shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara gwaji tana shekara 30, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10 idan gwajin neman ƙwayar HPV aka yi. Mai ɗauke da ƙanjamau ta fara tana 25, ta maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. Wadda aka yi wa allura tana yarinya ita ma za ta yi gwajin in ta kai.

Gwajin neman ƙwayar ya fi inganci, kuma a wurare da yawa mace na iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga. Inda babu shi, ma'aikaciya takan buɗa da ƙarfe mai kama da bakin agwagwa, ta shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cur, ta haska fitila. Lafiyayyen wuri yana nan ja-ja yadda yake. Wurin da ya fara sauyawa sai ya yi fari fat, da gefe a fili. Idan tabon ƙarami ne, ana kashe shi a ranar: ko a ɗora ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da shi da iskar gas. Babba kuwa ana yanke shi da siririyar waya mai lantarki. Bayan haka ruwa-ruwa zai riƙa fita har kusan wata ɗaya, a kuma dakata da saduwa na mako huɗu don wurin ya warke. Mahaifa tana nan daram.

Akwai alamun da ba a jiran ranar gwaji a kansu: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ciwon mara ko baya da ya ƙi tafiya. Ba kullum suke nufin sankara ba, amma sai an duba da ido ake sani. Mace ta yi wata shida tana shan maganin sanyi a kan irin wannan jini, asarar lokaci ce mai tsada ƙwarai.

A Nuwamban 2020 ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan sankara, da buri uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata suna 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani.

Aikin aji

1. An haifi yarinya a 2015. A wace shekara ta cika 9, a wace shekara za ta cika 14?
2. An yi wa mace allurar farko ranar 10 ga Maris, an ce ta dawo bayan wata shida. Rubuta ranar da watan.
3. Kwalba biyu na gabanka. A ɗaya murabba'in ya fi da'irar haske, a ɗayar ya fi ta duhu. Wacce za a yi amfani da ita?
4. Rubuta shekarun 'yan matan gidanku da na matan da suka kai 30. A gaban kowace ka rubuta "allura" ko "gwaji", ka zo da takardar darasi na gaba.